Sharhina kan asibitin kuɗin da muka kai Umma duba nono

Likitar kam ta burge ni. Umma ta daɗe tana fama da ƙaiƙayi a kan nononta na hagu, wurin ya yi ja yana ɓawo, wani lokacin har ruwa-ruwa yake ɓata mata rigar nono. Mai kemis ya ce kirci ne, ya yi ta ba ta man shafawa, ya lafa ya dawo. Na zaci a nan ma wani man za a rubuta mana mu biya mu tafi.

Sai likitar ta duba nonon duka biyu, ta laluba hammata, ta ce, "Hajiya, ɗayan bai taɓa yi ba?" Umma ta ce bai taɓa ba. Nan ta zaunar da mu ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Kirci yakan kama duka biyun, ya fi zama a baƙin nan da ke kewaye da kan nono, kuma yana jin magani. Amma in gefe guda ne, ya faro daga kan nonon yana bazuwa, ga mace ta haura shekara 50, dole a binciki cutar Paget, wadda sau da yawa akwai kansar nono a ƙarƙashinta ko ba a ji ƙullutu ba. Man shafawa yana iya kwantar da ita na ɗan lokaci har a ɗauka an warke. Ta ce ido kaɗai ba ya rabe su. Aka yi wa Umma allurar kashe zafi, aka gutsuri 'yar fata aka tura ɗakin gwaji, ta kuma rubuta hoton cikin nono da ake kira mamogiram. Paget ɗin ce, amma alhamdulillahi ba ta yi nisa ba.

Sai dai har yanzu raina na ɓaci in na tuna yarinyar da ke wajen yankar kati. A gaban maza ta ɗaga murya, wai "Ina mai ciwon nono?" Dattijuwa guda! Umma har ta miƙe za ta tafi gida, da ƙyar na lallashe ta. Sakamakon ma ya daɗe da dawowa, yana ajiye a durowa ba wanda ya kira mu, ga irin kuɗin da suke karɓa.

Don likitar zan koma. Amma duk wadda za ta je, ta bi sawun takardarta da ƙafarta, kada ta jira kiransu.