Kafin ka sayi bututun bindiga, leƙa gidan harsashin tukuna

Tunda kyamarar leƙa bututu ta yi araha, irin su Teslong ɗin nan, kowa ya zura ya ga ƴan zane a gidan harsashi, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu, sai hankalinsa ya tashi wai an cuce shi. Toh gaskiya yawancin zoben da kake gani sawun rima ne, wato ƙarfen da ake yanka gidan da shi, in kwanson harsashi na fita sumul bayan harbi to manta da su. Wurin da ke da matsala shi ne maƙogwaro, daidai inda zanen murɗe na cikin bututu, mai sa harsashi juyawa, ke farawa. In ya karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya farawa, harsashi zai shiga a karkace ya fita a karkace, ba abinda za ka yi masa.

Ni nan aka ƙona ni. Na sayi wani bututu mara suna saboda arha, a mita 100 harbi biyar kamar an watsa tsaba, ga kwanso na maƙalewa sai na buga hannun makullin bindigar kafin ya fito, in ka ɗaga shi ga haske ka ga zane zagaye da shi. Wata uku ina zargin harsashi, ashe maƙogwaron ne.

Shi yasa yanzu ni dai bututun da aka buga da guduma a sanyi nake bi, irin na Tikka da Sako daga Finland. Inji ne ke dukan ƙarfen a kan sanda mai siffar cikin, wasu kamfanonin ma har gidan harsashin suke bugawa lokaci guda, kaga ba ta inda zai kauce wa layin bututu. Kuma ƙasashen da ke bin dokar CIP, hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi, dole a yi wa bindiga harbin gwaji a buga mata hatimi kafin a sayar, a Amurka kuwa bin ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi, ganin dama ne. Bututun su Krieger da Bartlein masu kyau ne amma komai ya rataya a hannun maƙerin da zai yanka maka gidan harsashin. Masu arha kam caca.

Sai ƴan damfara. Wani zai goge gidan da sanfefa ya yi ta ƙyalli, alhali ya faɗaɗa shi, kwanso ya riƙa kumbura. Wani kuma tsohon bututu ne aka sake yanka gidansa don wani harsashi daban amma rubutun jiki bai canza ba, wannan ma haɗari ne ba asara kawai ba. Hoto kuma kullum daga gefen mai kyau suke ɗauka. Ka ce a saka geji, wato ma'aunin zurfin gidan, a gabanka, a gidan harsashin .308 gejin da ya kamata ya shiga inci 1.630 ne, wanda ya kamata ya ƙi shiga 1.634, in makullin ya rufe a kan na biyun ajiye masa kayansa. Kuma ka nemi kwanso ko uku da aka harba a ciki, wanda ya fara kame-kame kar ma ka tsaya ciniki.