Cream ko Rush: wa ya fi hannu a kiɗa?

Masoya kiɗan rok ba sa gajiya da wannan musu. Ƙungiyoyin biyu mutum uku-uku ne: mai jita, mai jitar bas, da mai ganga.

Cream a Landan aka kafa ta a 1966, kafin ƙarshen 1968 ta watse. Eric Clapton, Jack Bruce da Ginger Baker kan ja waƙa ɗaya fiye da minti 15 a dandali, kowa na ƙoƙarin kere ɗan'uwansa, ga Bruce da Baker ba sa ga maciji. Baker ɗin nan, af, shi ne wanda daga baya ya zauna a Legas yana kiɗa da Fela.

Rush ta Toronto kuwa lissafi ne tsantsa. Kalli Geddy Lee: bakinsa na waƙa, yatsunsa na kan bas, ƙafarsa na taka madannan kiɗa a ƙasa. Mai ganga Neil Peart ya shigo a 1974, suka riƙe juna har 2015.

Magoya bayan Rush suna cewa Cream hayaniya ce. Ni dai kunnena hayaniyar ya fi so.