Jitar Amurka, ta Meziko da ta Indonesiya: Me Hatimin Ƙasa Ke Saya Maka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙasar da aka ƙera jitar lantarki tana da tasiri a kan ingancinta da darajarta. Ka ce mai shago ya jera maka jitoci uku samfurin Stratocaster na kamfanin Fender: sabuwar Squier Classic Vibe ƙirar Indonesiya (Squier shi ne sunan da Fender ke sa wa jitocinta masu rahusa), Fender Player ƙirar Meziko, da wata Fender ta gwanjo da ya rantse ƙirar Amurka ce, har ya ce maka sauran biyun wasan yara ne. Tambaya biyu ka haɗa a baki ɗaya, amsarsu kuma ta bambanta. Inganci, wato yadda jita ke zama a hannu da irin sautin da take bayarwa, ƙasa ba ta cika yanke hukunci a kansa ba. Daraja kuwa, abin da wani zai ƙirgo ya ba ka ranar da ka tashi sayarwa, a nan hatimin ƙasa yake da baki sosai.

Mu kwantar da su ukun a tabarma ɗaya.

Siffarsu ɗaya ce, wadda Leo Fender ya fitar a 1954 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Ta Amurka a yau a Corona ake yin ta, ta Meziko a Ensenada. Kamfani ɗaya ke da masana'antun biyu, tsakaninsu kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ta Indonesiya aikin kwangila ce: Fender ke ba da zane da ƙa'ida, wasu su yi aikin, irin su Cort da Samick, kamfanonin Koriya ta Kudu masu masana'antu a tsibirin Java. A duk wuraren uku injin da kwamfuta ke sarrafawa ne yake yanka gangar jiki da wuya, shi kuwa inji bai san sunan ƙasar da aka girka shi ba. Zamanin da jita mai araha ke zuwa da wuya a karkace ko ramuka ba a muhallinsu ba ya ja baya ƙwarai.

Katakon ma ba ɗan ƙasa ba ne. Ta Amurka da ta Meziko galibi katako iri ɗaya ake sa musu, alda a jiki, mafal a wuya. Squier kan samu katako mai rahusa. Amma dubi inda kayan jitoci masu tsada ke fitowa: rozwud na fuskar wuya daga Indiya, baƙin katakon nan mai nauyi, ɗan'uwan kanya, akasarinsa daga dazuzzukan Kamaru, wani nau'in mahogani kuma dangin maɗacinmu ne daga Afirka ta Yamma. A 2017 da yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikin rozwud, Fender ta sauya wa jitocin Meziko katakon fuskar wuya da wani na Kudancin Amurka, makaɗa kuma suka ci gaba da kiɗansu. Ni a ganina, a jitar lantarki katako ya fi shafar kafaɗarka fiye da kunnenka. Wanda ya tsaya sa'a uku a wurin biki da jita mai nauyi a rataye ya san abin da nake nufi.

Sauti daga fikof yake farawa, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. A nan akwai abin da zai ba mai shagonka kunya. Classic Vibe ta Indonesiya maganaɗisun alniko gare ta, irin wanda ake sa wa jitoci masu tsada. Fender Standard ta Meziko, wadda Player ta maye gurbinta a 2018, na seramik mai araha take ɗauke da shi. Ka ga 'yar Indonesiya ta yau ta riga 'yar Meziko ta shekarun baya a wannan fage, ba don Indonesiya ta fi Meziko iya naɗin waya ba, sai don abin da Fender ta rubuta a takardar oda. Inda Squier ke gazawa shi ne ƙananan kaya: maɓallan ƙara sauti, makunnin sauya fikof, ramin soka waya, da kunnuwan ɗaure tsirkiya. Su ke fara ƙara ko sakin jiki. Sa'ar da aka yi, mai gyaran rediyon da ya iya liƙin waya zai canza maka na lantarkin cikin yini ɗaya.

To ina kuɗin ta Amurka yake tafiya, tunda sabuwarta takan kai ninki biyu na ta Meziko, ta Meziko kuma kusan ninki biyu na Classic Vibe? Kaso mai tsoka albashin ma'aikaci ne a Kalifoniya, wanda ba ya ƙara wa sauti komai. Wani kaso akwati ne mai ƙarfi da take zuwa da shi. Amma akwai kason da yake na gaskiya, shi ne lokacin da hannun mutum ya ɓata a kan wuya. Ƙananan ƙarafan da aka gindaya a wuyan jita, waɗanda makaɗa ke kira firet, sai an daidaita tsayinsu ɗaya bayan ɗaya, an goge kan kowanne ya yi santsi, an kashe kaifin bakinsa da magagari, an kuma dadashe gefen katakon har ya zama kamar wanda hannu ya daɗe yana shafa. Haka ɗan ƙashin da tsirkiya ke ratsawa a saman wuya: in tsagarsa ta yi zurfi tsirkiya ta riƙa zuza, in ba ta kai ba yatsa ya sha wuya, sauti kuma ya kauce. Wannan aiki ba ya son gaggawa. A layin jita mai tsada ana bai wa ma'aikaci lokaci, mai duba aiki kuma yana da ikon mayar da ita baya. A layin mai araha an ƙayyade masa mintoci. Shi ya sa cikin 'yan Amurka goma da wuya ka ci karo da mai kaifin firet, cikin Squier goma kuwa za ka tarar da wadda ta yi zarra da wadda ke yankar hannu, duk a kwali iri ɗaya. Iya kuɗinka iya shagalinka ne, kuma kamfani ne ya tsara shagalin tun kafin a sare itacen. Shaidar haka ita ce jitar Eastman, da ake yi a Chaina da aikin hannu mai yawa, farashinta kuma ya tashi daidai da aikin.

In kana son ka ga yadda hatimi ke yaudara, koma tarihi. A 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13. Cikin shekarun 1970 aka mayar da hankali ga yawan abin da ake fitarwa: fenti ya yi kauri, jitoci suka yi nauyi, aka koma ɗaure wuyan Stratocaster da noti uku maimakon huɗu, makaɗa suka yi ta ƙorafi. Gibson ma, wani babban kamfanin jita na Amurka, tana ƙarƙashin kamfanin Norlin a lokacin, tana shan irin wannan suka. Duk waɗannan ƙirar Amurka ne, ba jabu ba. A daidai wannan lokaci masana'antun Japan, waɗanda a shekarun 1960 ake yi wa kayansu kallon tarkace, suka zauna suka kwance tsofaffin jitocin Amurka na shekarun 1950 suna auna su gaɓa-gaɓa. Tokai, Greco da Ibanez suka fito da kwaikwayon da makaɗa da dama suka ce ya fi sabon abin da Amurka ke fitarwa. A 1977 Norlin ta maka wakilin Ibanez na Amurka a kotu kan kwaikwayon siffar kan jita. Fender ita kuma ta ga cewa rigima ba za ta fisshe ta ba, sai ta kafa Fender Japan a 1982, ta ba masana'antar FujiGen da ke Matsumoto aikin, masana'antar da dama ita ke yin Greco. Squier ta farko daga nan ta fito, mai lambar shaida da ke farawa da JV.

Abin bai tsaya nan ba. A 1985 wasu ma'aikatan Fender ƙarƙashin Bill Schultz suka sayi kamfanin daga CBS, amma cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba. Kafin ta Corona ta kankama, akasarin jitocin Fender da ake sayarwa a cikin Amurka kanta daga Japan ake kawo su. Yau masu tara jitoci farautar Squier mai JV suke yi, sukan biya fiye da kuɗin sabuwar Fender ta Meziko. Da kuɗin aiki ya tashi a Japan sai kwangila ta koma Koriya ta Kudu, daga can Chaina da Indonesiya, kowace kuma sai da aka fara raina ta. Epiphone, da Gibson ta saya a 1957, ta bi wannan hanya tun daga Kalamazoo zuwa Japan, Koriya, har Qingdao. PRS ma, wani kamfanin jita na Amurka, ta fara jitocinta masu rahusa na SE a Koriya kafin ta kai su Indonesiya.

Yanzu daraja. A nan mai shagonka yana da gaskiya, ko da dalilinsa bai cika ba. Mai saye a kasuwar gwanjo kan jita yake fara dubawa kafin ya taɓa tsirkiya. Fender ta Amurka ko Gibson ta Nashville tana riƙe kaso mai kyau na kuɗinta, kuma ba ta rasa mai nema. Ta Meziko na bi mata, tunda sunan Fender ne a kanta. Squier kuwa ko ka zuba mata fikof na dala ɗari biyu, ranar sayarwa kuɗin Squier za a taya, kayan da ka ƙara sun zama sadaka. Har jitocin shekarun 1970 da aka yi ta kushewa yanzu dubban daloli ake sayar da su, don kawai sun tsufa kuma Amurka ce ta haife su. Jitocin Gibson samfurin Les Paul Standard na 1958 zuwa 1960, waɗanda ba su kai 2,000 ba, ɗaruruwan dubban daloli suke yi, amma wannan kasuwar kayan tarihi ce, ba ta makaɗa ba, kada wani ya yi maka romon baka da ita. Jitar Amurka ta yau da ake fitarwa dubbai ba gona ba ce, ba kuma fili ba. Sabuwa in ka saya, faɗuwa za ta fara yi. Ta gwanjo ce wani ya riga ya ɗauke maka asarar farko.

Saboda wannan daraja ne ake yin jabu, kuma a nan nake so ka buɗe ido da ta ukun nan. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles. In ana kai su can, kasuwanninmu ba su tsira ba. A Gibson, dubi ɗan murfin da ke saman wuya: ta ainihi noti biyu ke riƙe shi, jabu da yawa uku. Stratocaster kuwa matsalarta daban ce. Noti huɗu ne kawai suka haɗa wuya da jiki, hatimi da lambar shaida kuma a kan wuyan suke. Ana iya ɗaura wuyan Amurka a jikin da ba a san asalinsa ba, ana kuma iya kankare sunan Squier a manna na Fender. Ka sa lambar a shafin Fender na intanet ka ga ko siffa da launin da ya nuna sun dace da abin da ke hannunka. Sannan ka nemi a kwance wuyan da faifan robar gaba a gabanka, ka ga tambarin masana'anta a cikin ramin da irin kayan lantarkin da ke ciki. Mai shagon da ya ƙi yarda a kwance ya riga ya ba ka amsa.

In ni ne kai, kuma kiɗan nake so ba ajiya ba, Classic Vibe zan ɗauka, amma sai na sa an fito da duk waɗanda ke shagon na zaɓi mai lafiyayyen wuya. Rarar kuɗin in raba biyu: kaɗan ga wanda ya iya saita jita ya daidaita firet da tsayin tsirkiya, mai yawan ga amfilifaya, don jitar dala dubu biyu a bakin amfilifaya mai tsatsa kukan gwangwani take yi. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, hannun da ya kai shi manyan dandamalin duniya a kanta ya fara faɗawa. In kuwa kana da niyyar sauyawa nan da shekara biyu, ta Meziko ta fi sauƙin fita ba tare da ka yi kuka ba. Ta Amurka sai ta ci jarrabawar kwancewa, kuma sai firet ɗinta bai cinye ba, don sake su aiki ne mai tsada kuma masu yinsa da kyau ba su da yawa a wajenmu.

Duk wadda ka ɗauka, ka shirya wa hunturu. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana tsotse danshin katakon wuya ya ɗan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai ka ji bakin firet ya fito yana kartar tafin hannu. Ta Corona da ta Java duk haka suke yi a Kano ko Damagaram. Ka riƙa ajiye ta cikin akwati ko jaka a rufe, nesa da taga, ka sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da ka huhhuda, ka matse shi sosai yadda ba zai ɗiga a kan fenti ba, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana uku ko huɗu har iskar ta juya.