Sauya gilashin ƙofar tsohuwar SLK a Kano: sharhi kan gilashin da mai ɗaura shi

Duk mai mota irin ta ƙofa biyu, wadda gilashinta ba shi da firam, in gilashin gefe ya fashe masa, kada ya zuba hankalinsa duka a kan neman gilashin. Samunsa da wuya, amma ana samu. Babban aikin yana hannun wanda zai ɗaura shi. Sharhina a kan abu biyu ne: gilashin Beljiyam da na saya ta hannun wani dila a kasuwar Ƙofar Ruwa, da kuma aikin mai gilashin da ya ɗaura mini shi. Duka biyun na gamsu da su, sai dai kowanne akwai abin da zan faɗa a kansa.

Motata Mercedes SLK 230 Kompressor ce, ƙirar farko da kamfanin ke kira R170. An fara fitar da ita a 1996 daga masana'antarsu ta Bremen a Jamus, aka daina a 2004. Kujera biyu gare ta, inji mai silinda huɗu lita 2.3, da rufin ƙarfe mai naɗewa ya shige but cikin kimanin daƙiƙa 25. Wannan rufin shi ya sa ƙofar ba ta da firam a sama. A mota irin Corolla ko Golf, gilashi yana hawa cikin hanyar roba da ta kewaye shi, ko ya ɗan karkace hanyar za ta miƙar da shi. A SLK babu abin da ke riƙe da saman gilashin. Tsayawarsa da karkatarsa duk daga cikin ƙofar ake saita su, kuma dole bakinsa ya kwanta a kan robar rufi daidai, ba ƙari ba ragi.

Dutse ne ya tashi daga tayar wata tifa a kan hanyar Wudil ya sami gilashin ɓangaren direba, nan take ya zube gaba ɗaya kamar ɓarzajjen gishiri. Haka aka ƙera shi ya yi. Gilashin gefe gasasshe ne: ana zafafa shi sama da digiri 600, sannan a huro masa iska mai sanyi da sauri. Wannan ke ƙara masa ƙarfi ninki huɗu ko fiye a kan gilashin taga, kuma in ya fashe sai ya zama ƙananan tsaki marasa kaifi sosai, maimakon dogayen ɓaraguzai masu yanka mutum. Gilashin gaba daban yake, falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa amma ya tsaya a wurinsa. Abin da ya shafe ni a nan shi ne, gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Da zarar an gasa shi, ko goge bakinsa aka yi da ƙarfi sai ya tarwatse. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai samo na wata mota ya rage maka shi ya yi daidai, ka kama gabanka.

An kuwa ba ni shawarwari irin waɗannan. Wani ya ce a yanko mini farar robar nan mai kama da gilashi, wai ba wanda zai gane. Tana da arha, gaskiya ne, amma ba ta da lanƙwasar gilashin asali, tana karcewa da ƙurar hunturu, kuma a ƙofar da ba firam sai ta riƙa kaɗawa da iska. Wani kuma ya ce gilashin taga mai kauri zai yi. Wannan kam ganganci ne da rai, domin ranar da ya fashe fuskar direba zai nufa.

Dilan da na yi hulɗa da shi ba shi da gilashin a shago, kuma bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Alhaji, irin motarka ba ta da yawa a garin nan, ba ma ajiye kayanta. Amma ka ba ni lokaci in taɓa mutanenmu na Ladipo." Hoton farko da aka turo masa ta WhatsApp daga Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas, na ƙirar da ta biyo baya ne, R171, wadda ta fito a 2004. A hoto sun yi kama, amma ba sa shiga wa juna. Shi da kansa ya gano, don ya sa an ɗora awo a kan gilashin an sake ɗaukar hoto, ya gwada da na ɗaya ƙofar tawa. A nan ya burge ni. Dila da yawa da sun karɓi kuɗi sun ce ai duk SLK ce.

Ga wani abu da ya kamata mai saye ya kula da shi, musamman in kayan daga Ingila suka fito. Idan an rubuta "ɓangaren direba" a jikin kaya, a can dama ake nufi, domin sitiyarinsu a dama yake. Mu tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, direbanmu yana hagu. Ka ce hagu ko dama kawai, ka huta.

Gilashin ya iso ta motar Legas, an naɗe shi da kwali da soso, an ɗaure da tsummokaran roba. Abin da na fara dubawa shi ne tambarin da ke kusurwar ƙasa. Akwai tauraron Mercedes, akwai harafin E da lamba 1 a cikin da'ira, wato a Jamus aka amince da ingancinsa, sai lambar da ta fara da 43R, wadda ke nuna dokar ingancin gilashin mota da ƙasashen Turai ke bi. Tambarin ya yi daidai da na ɗaya ƙofar, launin ma haka, ɗan kore-kore mai haske. Wannan ya fi mini komai, don gilashi biyu masu launi daban a ƙaramar mota irin wannan tun daga nesa ake gani. Aibinsa ɗaya: akwai siririn karce a tsaye kusa da baya, alamar yashi ya taɓa maƙalewa a robar motar da aka ciro shi. Farce ba ya kama shi, sai rana ta haska ake gani. Na nuna wa dilan, ya ɗan rage mini kuɗi ba tare da jayayya ba. Duk da haka gilashin ya yi tsada, kuma kuɗin mota daga Legas ni na biya. Bakinsa kuwa lafiya lau, babu ko ɗan ɓalli, wanda shi ne abin tsoro a gilashin gwanjo, domin daga baki gasasshen gilashi yake da rauni.

Mai gilashin dattijo ne, yana aiki a wata rumfa da yaransa biyu. Ya ce in zo da safe, amma sai bayan azahar ya taɓa motar, saboda wata bas da ya ce mai ita zai yi tafiya. Ban ji daɗin wannan ba, kuma na faɗa masa.

Amma da ya fara aiki sai zuciyata ta kwanta. Kafin ya kwance ko kusa ɗaya, ya sa aka cire kan batir. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yallaɓai, jakar iskar da ke kare mutum in an yi haɗari tana cikin ƙofar nan. In ka cire wayarta da wuta a jiki, fitila za ta kama a gabanka, sai an kai wa masu kwamfuta." Ya kuma tambaye ni ko ina da lambar sirrin rediyo, tunda rediyon Mercedes na wancan zamanin yana kulle kansa in aka yanke masa wuta. Ina da ita a cikin littafin motar. Wanda ba shi da tasa ya nemo ta kafin ranar aiki.

Da aka cire murfin cikin ƙofar, akwai wata leda da aka manne a jikin ƙarfen. Ɗaya daga cikin yaran ya kai hannu zai fizge ta, dattijon ya tsawata masa, ya karɓa ya ɓanɓare ta a hankali da wuƙa. Wannan ledar ita ke hana ruwan da ke gangarowa ta cikin ƙofa jiƙa murfin da wayoyin lasifika. Makanikai da yawa yar da ita suke yi, sai damina ta zo murfin ya kumbura ya fara wari.

Daga nan aka shiga kwashe tsakin gilashi, kuma wannan ya ci lokaci fiye da ɗaura sabon. Ƙasan ƙofar cike yake. Ya sa injin zuƙe ƙura, ya bi da buroshi, sannan ya ɗauki siririyar waya ya zungure ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofar, ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna na ga tsakin yana zubowa ƙasa haɗe da jar ƙasar da ta shekara a ciki. Ya zaro robar da ke share gilashi a bakin ƙofa, ya karkaɗe ta, ya bi ta da yatsa har ya tsinto wasu ƙwayoyi uku ko huɗu da suka nutse a cikin gashinta. Da an bar su, da sabon gilashin ya karce tun hawan farko. Hanyoyin da gilashin ke bi ma ya wanke su da kananzir, ya goge tsohon giris da ya daskare, ya shafa sabo.

Saitin shi ne inda na ga gwaninta. Ya zura gilashin, ya kama shi da notinan ba tare da ya ɗaure su tamau ba, aka mayar da batir, aka rufe rufin. Sai ya yago takarda daga wani tsohon littafi, ya sa ta tsakanin gilashin da robar rufi, ya rufe ƙofa, ya ja. Inda takardar ta zame da sauƙi, akwai kafa. Inda ta ƙi fitowa, gilashin ya matse robar da yawa. Ya bi baki duka da takardar nan, daga wajen madubi har zuwa inda gilashin ƙofa ke haɗuwa da ɗan ƙaramin gilashin baya. Ya buɗe, ya sassauta, ya ɗan tura, ya ɗaure, ya sake gwadawa. Akwai abin da ke tsayar da gilashi in ya kai ƙarshen hawansa, akwai kuma wanda ke karkata shi ciki ko waje, kuma in ka taɓa ɗaya sai ɗayan ya canza. Bai gaji ba. Na ce masa, "Baba, ai ya yi haka." Ya ce, "Bai yi ba tukuna. In ya yi tsawo zai ci robar nan, kuma robar ta fi gilashin wuyar samu. In ya gaza, ruwa zai sauka a cinyarka."

Da ya gamsu, ya danna makunnin ɗaga gilashi ya riƙe na 'yan daƙiƙu don motar ta sake gane ƙarshen gilashin bayan cire batir, sannan ya ce in naɗe rufin in mayar. Gilasan suka sauka tare, rufin ya shige, ya dawo, suka hau tare, ba gogayya ba ƙara.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen mayar da murfi. Kilif biyu na roba, masu riƙe murfin a jikin ƙofa, sun karye lokacin cirewa. Ban ɗora masa laifin karyewar ba, robar da ta haura shekara ashirin a zafin Kano ta riga ta bushe. Abin da ban so ba shi ne bai gaya mini ba, sai da na ji ƙasan murfin yana ɗan kaɗawa a kan hanya mai gargada na koma. Ya amsa, ya aika yaro ya sayo wasu ya sa, bai karɓi ko kwabo ba. Yaran kuma sun bar shatin hannu na baƙin mai a kan fatar kujera, da kaina na goge. Mai mota irin wannan ya tafi da tsohon zani ya rufe kujerunsa.

Na gwada aikin a wajen wankin mota, na sa yaron ya saita ruwa mai ƙarfi a kan bakin gilashin ina zaune a ciki. Ko ɗigo bai shigo ba. A kan titin Zariya kuma, da gudu, babu fito irin na iska ta wannan ɓangaren. Ɗaya ƙofar ce ma, wadda ba a taɓa ba, na gane tana ɗan shigar da iska, abin da da ban lura da shi ba. Kuɗin aikin hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gilashin ba, kuma a ganina ya yi wa kansa arha.

Wasu sun ce tunda an buɗe ƙofar in manna baƙar leda a gilasan. Ban yi ba. Gilashin gefen direba ana so ya bar akalla kashi 70 cikin ɗari na haske ya wuce, ga kuma batun takardar izinin 'yan sanda a shingayen hanya. Mota mai ƙasa irin wannan da daddare tana bukatar duk hasken da za ta samu.

Ga masu Celica, Z3, MX-5 da sauran motoci marasa firam a ƙofa, zan iya tura su wurin irin wannan dattijon ba tare da fargaba ba, da sharaɗin su je da lokaci a hannu, su tsaya a kan aikin, su kuma ƙirga kilif ɗin murfi kafin a mayar. Ni dai na riga na yi magana da shi zai saita mini ƙofar dama kafin ruwan farko ya sauka, kuma dilan yana nema mini robar rufi ta ɓangaren, don tata ta fara tsagewa a kusurwa.