Hoton falo: hasken taga ko filasha?

Masu sabbin gidaje a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi kan kira mai hoto idan za su ba da haya ko su sayar. Da ya shiga falo sai zaɓi ya taso masa: ya buɗe tagogi, ko ya kunna filasha.

Filasha tana da sauri, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Amma gidajen yanzu ƙyalli gare su. Daɓen karo, gilashin tebur da fuskar talabijin duk suna maido hasken, sai ka ga farin tabo a tsakiyar hoto, inuwar fanka kuma ta yi baƙi ƙirin a sama. Idan dole ce, a juya kan filashar zuwa farin rufi domin hasken ya sauko a hankali.

Ni dai na fi son taga. Da hantsi ko bayan la'asar, hasken yana shigowa ta gefe, ya fito da saƙar labule, ya nuna ainihin launin fenti. Sai dai yana son haƙuri: a kafa kyamara kan ƙafa uku don kada hoto ya girgiza, a kashe ƙwan lantarki saboda launinsa ba ya jituwa da na rana. Tsakar rana kam a bar ta, taga za ta fito fara fat.

Da hunturu ƙura na tausasa hasken, abin ya yi kyau, amma a goge karo kafin a ɗauka.