Gargaɗi kan wasannin bogi da ake sauya wa suna a Steam

Ina jan hankalin duk mai sayen wasannin kwamfuta ta intanet da ya daina ɗaukar cewa duk abin da ya gani a babban kanti irin Steam an tantance shi ciki da waje. A watan Yunin 2017 kamfanin Valve, mamallakin Steam, ya rufe tsarin Greenlight, wanda jama'a ke kaɗa ƙuri'a kan wasan da zai shiga kanti, ya kawo Steam Direct, inda mutum zai cike takardu, ya biya dala 100 kan kowane wasa, a duba shafinsa kuma a ga ko wasan yana tashi. Wannan sauƙi alheri ne ga ƙananan masu ƙirƙira da ba su da babban kamfani a bayansu, kuma ba na fatan a rufe musu ƙofa, amma ta ƙofar nan 'yan damfara ma suke shigowa.

Dabarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta sauya suna, wadda aka gani a 2024. Ga yadda aka yi ta. Macuci zai saka wani ɗan wasa da bai taka kara ya karya ba, ya tsallake binciken farko, ya bar shi ya yi ta zama babu mai kula shi. Da zarar wani wasa ya yi tashe, sai ya koma shafinsa ya canza suna da hotuna da bayani, har da sunan kamfanin da ya yi shi. Haka aka yi a farkon Maris na 2024, makonni kaɗan bayan fitowar Helldivers 2 na kamfanin Arrowhead: mai saye ya rubuta sunan wasan, sai ya ga shafuka masu hoto iri ɗaya, wani da cikakken farashi, wani da ragi mai jan rai, kuma ba abin mamaki ba ne hannunsa ya tafi kan mai arha. Valve ya cire su, amma sai da aka yi ta kuka tukuna.

Wasan kyauta ma ba a shigarsa ido rufe. A Fabrairun 2025 an cire wani wasan kyauta mai suna PirateFi daga Steam bayan an gano yana ɗauke da manhajar satar bayanai, har aka shawarci waɗanda suka buɗe shi su binciki kwamfutocinsu, ko ma su goge komai su sake ɗora manhaja.

Kafin ku biya kuɗi, ku danna sunan kamfanin ku ga sauran wasanninsa, sannan ku karanta sharhin masu saye da kyau, domin wasan da duniya ke rububinsa ba zai zo da sharhi goma sha biyu kacal ba, balle a ce sharhin yana magana kan wani wasa daban. Wani shafin intanet daban mai suna SteamDB yana ajiye tarihin canje-canjen da aka yi wa kowane wasa, har da tsohon sunansa. Wanda kuma ya riga ya faɗa tarkon, ya sani Steam na mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a kai awa 2 ana buga wasan ba, don haka ya rufe shi nan take, ya nemi kuɗinsa, sannan ya danna alamar tuta da ke shafin ya kai ƙara.