Sabis ɗin fisiyo na gyaran sikis-fak ɗin da bai daidaita ba: ga yadda na same shi

Jama'a masu zuwa jim, musamman waɗanda suka sha wuya har tsokar ciki ta fara fitowa gida-gida, wato sikis-fak, sai kuma suka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya, wannan bayanin naku ne. Na yi rajista da wani likitan fisiyo, wato mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye, mai kula da 'yan wasa, sabis ɗin nasa awon jiki ne ido da ido sannan ya tsara maka atisaye kana turo masa bidiyo ta waya yana gyara maka, kuma gaskiya na ji daɗinsa sosai duk da akwai wuraren da ban gamsu ba, zan faɗe su.

Abin da ya fara burge ni tun kafin ya ba ni atisaye ko ɗaya sai da ya raba min matsalar gida biyu. Ya ce akwai rashin daidaito na halitta akwai kuma na ƙarfi da girman tsoka, kuma ba ɗaya suke ba sam. Tsokar nan ta gaban ciki da ake kira rektus abdominis doguwa ce, biyu ce hagu da dama, ta taso daga ƙashin mara ta hau har haƙarƙari, a tsakiyarsu akwai farar jijiya da ta sauko tsaye ana ce mata liniya alba, sai kuma wasu jijiyoyi da suka gitta ta, yawanci guda 3 ne a jikin mutane, su ne suke yanka ta gida-gida har ka ga sikis-fak. To waɗannan masu gittawar ba dole ba ne na dama su zo daidai saitin na hagu, wani nasa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa kamar matakala, wani ma gida huɗu kawai gare shi wani takwas, haka aka haife shi kuma babu atisayen da zai matsar da jijiya daga inda Allah ya ajiye ta. Wallahi wannan maganar kaɗai ta kwantar min da hankali, don koci da yawa ba sa faɗa maka haka, sai su ce ka ƙara sit-of, wato tashi zaune daga kwance, a gefe ɗaya kawai, ka yi ta wahala kana jiran abin da ba zai zo ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne wanda ake iya gyarawa, kuma a nan ya fi ɓata lokaci a kaina. Ya sa na tsaya ya duba kafaɗu da ƙugu ko wani ya fi wani tsawo, ya sa na sunkuya ya bi ƙashin bayana da ido don ya ga ko akwai karkacewar nan ta sikoliyosis, ya sa na kwanta na ɗaga kai ya danna tsakiyar ciki da yatsu ko tsokar ta rabu, sannan ya sa na tokare jiki ta gefe a kan gwiwar hannu yana duba agogo, dama daban hagu daban. Nan fa bambanci ya fito fili, gefe ɗaya na riƙe da kyau ɗayan kuwa nan da nan ƙugu ya fara sauka jiki na rawa. Ya kalli bidiyon yadda nake ɗaga ƙarfe shi ma ya nuna min ina ɗan murɗa jiki gefe ɗaya duk sanda na gaji, kuma kusan kowa yana da irin wannan saboda hannun da ya fi amfani da shi, da kafaɗar da yake rataya jaka, da yadda yake zama a kujera.

Na tambaye shi ko da gaske tsokar ciki tana iya girma a gefe ɗaya ta bar ɗaya, sai ya kawo min misalin 'yan wasan tanis. Akwai binciken da aka wallafa a 2010 da masana a Sifen suka yi da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki a kan ƙwararrun 'yan tanis, suka gano tsokar gaban cikinsu ta gefen da ba shi ne hannun buga ƙwallo ba ta fi ɗayar girma da kusan kashi 35 cikin ɗari, saboda ita ce take jan jiki lokacin bugun farko na ƙwallo. Ka ga ke nan aiki na gefe ɗaya yana sauya tsoka da gaske, kuma aikin da aka daidaita zai iya rage tazarar.

Atisayen da ya ba ni ba masu hayaniya ba ne, har da farko za ka ga kamar sun yi sauƙi da yawa. Akwai guda ukun nan na Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wato ɗan ɗaga kai da kafaɗa kana kwance ƙafa ɗaya a lanƙwashe, da tokarewa ta gefe, da wanda za ka yi rarrafe ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu sannan ka sauya, kowanne ka riƙe kamar sakan 10 ka huta ka maimaita maimakon ka riƙe har jiki ya karkace. Sai turin Pallof, ka ɗaure robar motsa jiki a gefenka ka turo ta gaban ƙirji tana jan ka kana hana ta juya ka. Wanda na fi so shi ne ɗaukar dambel mai nauyi a hannu ɗaya ka yi tafiya a miƙe ba ka yarda ka karkata ba, kai wannan yana cin gefen ciki fa, washegari sai ka ji wurin da ba ka taɓa sanin akwai tsoka ba. Dokar likitan ita ce kullum ka fara da gefen da ya fi rauni, adadin da ya iya shi za ka ba mai ƙarfin, kada ka wuce, a hankali mai raunin ya kamo.

Sakamako fa? Ƙarfin gefen biyu ya kusa zama ɗaya, murɗa jikin nan wajen ɗaga ƙarfe ya ragu sosai kuma ƙasan bayana ya daina gajiya da wuri in na daɗe a tsaye. A madubi ma gefen da ya lotsa ya ɗan cika. Amma gidajen sikis-fak ɗin suna nan a yadda suke, na sama bai sauko ba na ƙasa bai hau ba, kamar dai yadda ya faɗa min tun farko, kuma abin ya ɗauki watanni, duk mai son gyara cikin sati biyu ba nan zai zo ba.

Inda ban gamsu ba shi ne amsa saƙo, wani lokacin ka tura bidiyo sai an kwana biyu kafin ya duba, kai kuma kana ta maimaita kuskuren a tsakani, ga bidiyoyin koyarwar da ya turo an ɗauke su ta gefe ɗaya kawai ba ka ganin yadda ƙugu ya kamata ya zauna ta gaba. Sannan batun kitse bai yi min bayani ba sai da na tambaya, alhali yana da muhimmanci, don wani lokacin kitsen da ke kan tsokar ne ya fi kauri a gefe ɗaya ko hasken ɗaki ne yake yaudarar ido a hoto, kuma atisayen ciki shi kaɗai ba ya narkar da kitsen ciki, sai kitsen jiki gaba ɗaya ya sauka. Wannan ya kamata a ce yana cikin bayanin zaman farko.

Duk da haka ina ba da shawarar irin wannan sabis ɗin ga wanda yake ganin gefe ɗaya ya fi ƙarfi, ko yake wasa na hannu ɗaya, ko bayansa ke ciwo ta gefe guda. Ku nemi wanda zai taɓa jikinku ya auna kafin ya rubuta muku komai, wanda ya kalli hoto kawai ya ce zai daidaita muku gidajen ciki ku bar shi. In kuma kumburi ne ya fito a gefe ɗaya kwatsam, yana ƙara fitowa in ka yi tari ko yunƙuri, ko akwai ciwo, to don Allah a ajiye ƙarfe a je asibiti tukuna, zai iya zama ƙaba ko tsoka ce ta yage, shi kansa fisiyon ya ce irin wannan ba ya fara aiki a kai sai likita ya duba.